Abin da ke Cikin Tukunyar 'Yan Haiti

Garuruwan bakin teku na kudancin jihar Fulorida a Amurka kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Daga gabas akwai tekun Atlantika da farin rairayinsa, sai jerin otal-otal da dogayen benaye sun zuba wa ruwa ido. A bayansu akwai wata doguwar mashigar ruwa da jiragen shaƙatawa na masu hali ke kai da komo a cikinta. Idan mutum ya ƙetare gada ya nausa yamma, bai fi tafiyar 'yan mintoci a mota ba zai iske layin dogo da wani tsohon titi da ake kira Dixie Highway. Daga nan fuskar gari ke sauyawa. Sai garejin makanikai, da coci-coci da aka buɗe a cikin shaguna, da wuraren aika kuɗi gida, da shagunan aski. Waɗanda ke gyara gadajen waɗancan otal-otal, su wanke kwanukansu, su yi jinyar tsofaffin da suka yi ritaya a waɗancan benaye, a wannan ɓangaren suke kwana, a nan kuma suke cin abinci. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙasar Haiti ne.

Garin Pompano Beach, wanda ke arewa da Fort Lauderdale, tafiyar kimanin awa guda daga Mayami, yana da tsohuwar alaƙa da waɗannan mutane. A gaɓarsa ne wani jirgin ruwa na katako ya tsaya a watan Disambar 1972 ɗauke da mutum 65 da suka gudo daga mulkin kama-karya na Jean-Claude Duvalier, kuma daga wannan jirgi ake fara lissafin kwararar 'yan Haiti ta ruwa zuwa Fulorida. Shekara tara bayan haka, ranar 26 ga Oktoban 1981, mazauna Hillsboro Beach, maƙwabciyar Pompano daga arewa, suka wayi gari da gawarwakin 'yan Haiti 33 a kan rairayin ƙofar gidajensu, bayan jirginsu ya kife ga tudu suna hange. A wancan zamani ɗan Kyuba da ya iso ta wannan ruwa marhabin ake yi masa, ɗan Haiti kuwa sansanin tsare baƙi ake kai shi. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi, da 'ya'yansu, da waɗanda suka biyo sawunsu, su ne masu gidajen abincin da nake son mu leƙa a wannan mako.

Kada mai karatu ya kawo a ransa wani wuri mai ƙyalƙyali. Shago ne guda a cikin jerin shaguna, tebur huɗu ko biyar, kanta mai gilashi, firjin lemo a gefe, da talabijin a saman bango. Akwai tutar Haiti mai shuɗi da ja, kiɗan konpa kuma yana tashi a hankali daga wani lungu. Jerin abinci yana rubuce a allo da harshensu na Kiriyol, amma allon ba alƙawari ba ne. Abin da aka dafa yau shi ne ake da shi, idan ya ƙare kuma ya ƙare. Za ka tambayi abu uku a ce maka babu kafin ka dace da na huɗu. Mai sauri ma gara ya nemi wani wurin, domin kifi sai ka biya ake sa shi a wuta, kuma babu wanda zai ba ka haƙuri don ka jira rabin awa. Yawancin masu saye ba sa zama. A farar roba mai murfi ake zuba masu, a cika ta har murfin ya ƙi rufuwa, su ɗauka su koma bakin aiki. Wanda ya saba da rumfar mai tuwo a bakin tasha ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan.

Dalilin da ya sa na ga wannan ƙaramin wuri ya cancanci shafi guda shi ne abin da ya faru a watan Satumbar 2024. A muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka ta ranar 10 ga watan, Donald Trump ya maimaita wata jita-jita cewa baƙin haure a garin Springfield na jihar Ohayo suna cinye karnuka da kyanwoyin mutanen gari. 'Yan Haiti ake nufi. Hukumomin garin sun ce babu wani sahihin rahoto da ya nuna haka, gwamnan jihar Mike DeWine, wanda ɗan jam'iyyar Trump ne, shi ma ya ce babu hujja. Amma magana zarar bunu ce. A kwanakin da suka biyo baya sai da aka rufe makarantu da ofisoshi a garin saboda barazanar dasa bam. Ba kuma wannan ne karo na farko da aka shafa wa mutanen nan kashin kaji ba. A farkon shekarun 1980 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanya su, su kaɗai a matsayin al'umma, cikin rukunin masu haɗarin ɗauke da cutar ƙanjamau. Daga baya aka hana su ba da gudummawar jini, har sai da dubun dubatarsu suka tsallaka gadar Brooklyn a birnin New York suna zanga-zanga a watan Afrilun 1990 kafin a janye.

Ƙazafin da ya shafi abinci ya fi kowanne saurin kama zuciya, domin ba ya bukatar hujja, ƙyama kawai yake bukata. Da zarar an ce wa mutum su wane ga abin da suke ci, an gama raba shi da su. Ba zai ƙara zama a tabarmarsu ba, balle ya ji ta bakinsu. Mu ma nan gida mun san irin waɗannan maganganu da ake jifan wasu ƙabilu da su, muna kuma sanin yadda suke daɗewa ba su mutu ba. Maganin da na sani shi ne a buɗe tukunyar a duba.

Abu na farko da za a gani shi ne mutane masu tsananin tsantseni da nama. Macen Haiti ba ta ɗora nama a wuta sai ta goge shi da lemun tsami ko wani lemu mai ɗaci da suke da shi, ta ɗauraye, sau da yawa ta kwara masa tafasasshen ruwa. Sannan ta jiƙa shi a cikin epis, wato markaɗen tafarnuwa da albasa mai lawashi da tattasai da attaruhu da ganyaye masu ƙamshi, wanda kowane gida ke da nasa a kwalba. A nan zai kwana. Washegari a dafa shi a cikin ruwan jikinsa har ya yi laushi, sai a tsame a soya. Idan naman akuya ne aka yi wa wannan hidima, sunansa taso kabrit: waje a soye ƙayau, ciki kuwa da ɗan yatsa ma za ka iya raba shi. Ana kawo shi da bannann peze, ɗanyar agada da aka soya, aka danne ta ta baje, aka tsoma a ruwan gishiri aka sake soyawa. A gefe kuma ga pikliz, yankakken kabeji da karas da attaruhu da aka tsuma a ruwan binega. A ido kamar kwaɗon kabeji ne marar laifi. Shawarata ita ce a fara da kaɗan.

Sai kuma abubuwan da ke sa Bahaushe ya ajiye cokali ya sake duban allo. Akwai wata miyar ganye da mutanen yankin Artibonite suka shahara da ita, sunanta lalo. Ganyen kuwa shi ne dai lalon da muka sani, wanda ke fitowa a bayan gida da damina. Suna ɗaya, ganye ɗaya, sai dai su ba sa barin sa ya yi yauƙi kamar namu. Dafa shi suke yi ya daɗe a wuta tare da nama da ƙaguwa har ya yi duhu ya kama jikinsa, a ci da farar shinkafa. Kuɓewa suna ce mata kalalou. A yankin Jérémie da ke kudu maso yammacin ƙasar suna kirɓa wani ɗan itace a turmi ya zama kamar sakwara, su kira shi tonmtonm, a ci da hannu da miyar kuɓewa, a haɗiye ba tare da tauna ba. Suna da akra, wanda sunansa ɗan'uwan akaran Yarabawa ne, wato ƙosai, ko da yake su da wani nau'in gwaza suke yin nasu. Suna cin dawa, suna ce mata pitimi. Shinkafa da wake kuwa, diri kole ak pwa, ita ce abincin kullum, da ɗan kanumfari a ciki. Hatta ƙanzon gindin tukunya yana da suna da masoya: graten suke ce masa, kuma akan yi rigima a kansa.

Wannan kamanni ba haɗuwar banza ba ce. Kafin 1804 sunan ƙasar Saint-Domingue, kuma ita ce mallakar Faransa da ta fi kowace kawo mata dukiya, da rake da gahawa da bayi kusan rabin miliyan suke nomawa. Galibinsu daga yankin Kongo da gaɓar Dahomey da ƙasar Yarabawa aka kwaso su. Amma a cikin takardun da masu gonaki suka bari, inda suke jera bayinsu da ƙabilar kowanne, ana samun waɗanda aka rubuta wa "Aoussa". Ba su da yawa idan aka gwada da sauran, amma suna nan. Wani ɗan ƙasar Hausa da aka kama a yaƙi ko a hanyar fatauci, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin ruwa, ya ƙare rayuwarsa yana saran rake a wani tsibiri da bai taɓa jin sunansa ba. Duk lokacin da na ga kalmar lalo a allon nan, shi nake tunawa.

Yanzu sai maganar da na san tana ran mai karatu tun ɗazu. Shin Musulmi zai iya cin abinci a irin wannan wuri? Gaskiya ita ce sai da lura, kuma ba zan sassauta ta don ina yabon mutanen ba. Abincin da 'yan Haiti suka fi alfahari da shi, griyo, naman alade ne da aka yi wa irin waccan hidima ta taso. Shi ne sarkin allo, kuma a ƙaramin shago abu ne mai yiwuwa man da aka soya shi a ciki shi ne za a soya akuya da agada da kifi. Ana iya jefa guntun naman alade mai gishiri a cikin wake ko lalo ko legim, wato dagargajen ganyaye da gauta, don ɗanɗano, ba tare da an rubuta ba, domin a wurinsu ba abin faɗa ba ne. Saboda haka tambaya ta zama dole, kuma kalmar da za a riƙe ita ce kochon, alade. "San kochon" na nufin ban da alade. A tambayi man suya daban, a tambayi miya daban. Abin da na lura da shi shi ne tambayar ba ta ba su mamaki, saboda a cikinsu akwai mabiya cocin Adventist masu yawa waɗanda su ma ba sa cin alade, don haka mai abinci ta saba da ita, kuma za ta gaya maka gaskiya ko da gaskiyar za ta sa ka fita ba ka sayi komai ba.

Batun yankan akuya da saniya a ƙasashen Turawa kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Wanda yake son ya huta da waswasi, ga teku a kusa. Ya nemi pwason gwo sèl, kifi sukutum da aka dafa a romon lemun tsami da albasa da attaruhu, bai ga man suya ba. Ko lambi, wani ƙaton dodon koɗin teku da ake bugawa ya yi laushi a dafa a miya, wanda mu mabiya mazhabar Malikiyya ba mu da matsala da shi. A haɗa da farar shinkafa da dafaffiyar agada. Wajen abin sha, lemon kwalba na Cola Couronne da ruwan 'ya'yan itatuwa ba su da laifi. Amma idan aka miƙo wani farin abu mai kauri kamar kunun gyaɗa aka ce kremas ne, a mayar da godiya: akwai giya a ciki.

Shinkafar da ke cike da rabin robar nan ita ma tana da nata labarin, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Har zuwa shekarun 1980 Haiti tana noma mafi yawan shinkafar da take ci, musamman a kwarin Artibonite, inda lalon nan ya fito. A 1995, bayan sojojin Amurka sun mayar da shugaba Jean-Bertrand Aristide kan mulki, aka matsa wa ƙasar ta rage harajin shigo da shinkafa daga sama da kashi 30 cikin 100 zuwa kashi 3 kacal. Shinkafar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta malale kasuwanni da arhar da manomin Artibonite ba zai iya karawa da ita ba. 'Yan Haiti suka raɗa mata suna diri Miami, shinkafar Mayami. Manoma suka bar gona suka cika unguwannin talakawa na Port-au-Prince, wasu suka hau jirgin ruwa. Yau kimanin kashi 80 cikin 100 na shinkafar da ake ci a Haiti daga waje take zuwa, akasari daga Amurka. A watan Maris na 2010 Bill Clinton, wanda a zamanin mulkinsa aka yi wannan, ya shaida wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa tsarin mai yiwuwa ya amfani manoman jiharsa ta Arkansas, amma kuskure ne. Amincewa da kuskure ba ta mayar da kowa gona ba. Ga shi kuwa ɗiyar manomin shinkafa tana tsaye a bayan kanta a Fulorida tana dafa shinkafar da ta kori mahaifinta daga gonarsa, tana sayar wa 'yan'uwanta, su kuma su shiga shagon da ke maƙwabtaka su aika kuɗi gida a sayi irin wannan shinkafar. Masu yi mana wa'azin a buɗe iyakoki a bar shinkafar waje ta shigo ba ƙaidi, da masu cewa a rufe ruf, duk ya kamata su karanta tarihin Artibonite kafin su ɗaga murya.

Duk da haka akwai shinkafar da ba wanda ya iya ƙwace masu, diri djon djon. Wani ƙaramin naman kaza ne da ke fitowa a arewacin Haiti, ana busar da shi, a jiƙa, a tace, a dafa shinkafa da baƙin ruwansa. Takan fito baƙa wuluk, da wani ƙamshi kamar na ƙasar da ruwan farko ya daka. Ta fi sauran tsada, ba kuma kullum ake samun ta ba, domin naman kazan sai an kawo shi daga gida, a cikin jakar wani matafiyi ko ta hannun 'yan kasuwa. Tun da 'yan daba suka mamaye mafi yawan Port-au-Prince bayan kisan shugaba Jovenel Moïse a watan Yulin 2021, har aka kai ga harbin jiragen sama na fasinja a 2024, wannan zirga-zirga ta yi wuya.

Su kansu masu dafawa da masu ci zamansu ba tabbas. Bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010 Amurka ta ba 'yan Haiti izinin zama na wucin gadi, wanda aka yi ta sabuntawa, dubban ɗaruruwa kuma suka yi aiki a ƙarƙashinsa. A 2025 gwamnatin Trump ta sanar da soke shi, magana ta koma kotu. Mai wanke-wanke a irin wannan shago, da direban da ya tsaya sayen abincin rana, da ma'aikaciyar jinya da ta shigo da kayan aiki a jikinta, kowannensu yana iya kasancewa cikin waɗanda wannan lamari ya shafa. Gidan abinci irin wannan ba ya rayuwa da 'yan yawon buɗe ido, waɗanda galibinsu ba sa ƙetaro gada. Da waɗannan mutane yake rayuwa.

Wanda Allah ya kai shi yankin, ya yi ƙoƙari ya je ranar Lahadi da safe, ranar soup joumou. Miyar kabewa ce da naman sa da kabeji da karas da dankali da taliya, mai kauri, launin ruwan ɗorawa. Abin da 'yan Haiti ke faɗa kaka da kakanni shi ne a zamanin bauta bayi ke dafa ta amma an haramta masu sha, ta iyayengiji ce. Bayin suka yi tawaye a watan Agustan 1791, suka yi shekara goma sha biyu suna yaƙi, suka karya rundunar Napoleon a Vertières ranar 18 ga Nuwamban 1803. Ranar 1 ga Janairun 1804 Jean-Jacques Dessalines ya shelanta 'yancin kai a garin Gonaïves, aka dafa miyar aka raba wa kowa. Faransa ba ta yafe ba: a 1825 ta turo jiragen yaƙi ta tilasta wa Haiti biyan diyyar faran miliyan 150 ga tsofaffin masu bayi, bashin da ya tsotse ƙasar har cikin ƙarni na ashirin. Amurka kuwa sai 1862 ta amince akwai wata ƙasa mai suna Haiti. Amma miyar ba a fasa dafa ta ba ko shekara guda, kuma a Disambar 2021 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

A ranar 1 ga Janairu ba a jiran wanda zai saya. Gida-gida ake aikawa da ita a kwano, kamar yadda muke rabon abincin sallah, kuma baƙo ma yana da rabonsa. A shagunan Dixie Highway tun kafin gari ya waye ake ɗora tukwanen, mutane na zuwa da manyan kuloli daga gida suna bin layi. Yawanci da naman sa ake yin ta, amma a nan ma a tambaya kafin a zuba. Wanda ya bari rana ta take kuwa, babu kawai zai ji.